Kujerar da Na Fasa a Gaban Bilkisu

Zuwa ga Hajara, uwar 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka kabarinki, na zo in faɗa miki na yi ɓarna, irin wadda ke kaɗai kike iya tare ni kafin in yi.

Bilkisu ta bar karatun haɗa magunguna. Wai kafinta za ta zama! Tana koyo a shagon wani tsohon Bature a garin Pleasant Garden, nan Amurka. Ni kuwa shekara nawa ina ɗaga kaya a sito a Wendover, bayana ya mutu, don dai in ga ranar da za ta sa farar riga.

Ranar Lahadi da hantsi ta zo ta sanar da ni. A makaranta an koya musu yadda ake shawo kan mutum da magana: ka tsaya ƙyam, ka kafe shi da ido, ka ɗaga murya, ka kawo abin da za a taɓa da hannu. Yarinyar nan ta kwashe duka ta kawo mini falo. Ina zaune ina shan shayi, ta tsaya a kaina, ido cikin ido, da 'yan katuna a hannu, tana zuba Turanci.

Hajara, kin san ni. Ban ji ko kalma ɗaya ba, idon kawai na gani. 'Yar cikina ta tsaya mini a ka tana kallona kamar sa'anta? Kofin na fara jifa da shi, ya tarwatse a bango. Na fizge katunan na watsar. Da ta turo mini wata 'yar kujera da ta zo da ita, na ɗaga ta sama na maka da ƙasa, na sake makawa, har ƙafar kujerar ta ɓalle. Tsinken katako ya tashi ya yanke ta a goshi. Jini ya sauko mata har gira. Ba ta goge ba, ba ta yi kuka ba, ta ɗauki makullin motarta ta fita. Yau kwana tara ba ta ɗaga wayata.

Ke ba haka kike yi mini ba. Sai na ƙoshi tukuna. Ki jawo kujerarki 'yar tsugunno, ki zauna ƙasa da ni, ki fara da labarin wani can daban. In na taso da hayaniya ki ce, "Malam, gama faɗanka, ina nan." In na gama ki yi mini tambaya ɗaya, in tashi ina bugun ƙirji cewa shawarata ce. Da haka kika raba ni da Kano, ina rantsuwa ba inda za ni. Sai bayan ranki na gane wayon.

Jiya ina shara na tsinto katunan a ƙarƙashin kujerun falo. Na ƙarshen da Hausarta ta 'yan Amurka ta rubuta shi: "Baba, irin kujerar Mama ce. Ni na yi maka da hannuna." Na ɗauko ɓaraguzan na duba. Wallahi ita ce, har da 'yar tsagar da ke gefen taki. Tun tana 'yar shekara bakwai rabonta da ganin kujerar taki. Na ji kunyar kaina, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Har yanzu raina bai so aikin katakon nan ba. Amma gobe zan sa ɓaraguzan a mota in tafi Pleasant Garden in roƙe ta ta gyara. Ban iya magana irin taki ba. Abu ɗaya na riƙe: zan zauna a ƙasa, in bari ta gama faɗanta.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya zuciyar 'yarmu, ya sa ta buɗe mini ƙofa.

Mijinki,
Sule