Hatimin da Yagana ta Sha

Fagge, Kano
Laraba

Zuwa ga ɗana Muhammad Nur,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Muhibba da yara. Yaya ruwan Legas? Mu nan sai godiya, sai kuma gajiya.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Maganar waya iska ce, kafin ka ajiye ta watse. Ni ajamina na sani, kai ma na koya maka, sai ka daure. Sammani direba zai kawo maka idan ya tashi da kayan kasuwar Singa.

Mahaifiyarka ba lafiya. Shekaranjiya da hantsi tana tsintar shinkafa sai ta ture tiren, ta ce shinkafar tafiya take yi. Na ɗauka tsokanar Yagana ce da ka sani. Can sai ta ƙura wa zanenta ido, wai furannin atamfar suna buɗe baki suna numfashi. Baƙin idonta ya faɗaɗa kamar na mage. Jiki zafi kamar garwashi, yatsu kuma sanyi ƙalau, ƙirji na dukan tara-tara.

Na ce iska ce. Na kira malami aka yi ruƙiyya, na rufe taga, na sa turare, na lulluɓe ta da bargo. Ana cikin haka Chinyere ta shigo, nas ɗin nan ta Sabon Gari da ke auna mata hawan jini. Ta yaye bargon, ta tambaye ni ko dafa Mama nake so in yi. Na ce gidana ne. Ta ce to gidan nawa ne, amma matar ta Allah ce. Nan take ta tsayar da adaidaita, sai asibiti.

Likita sai tambaya yake me ta ci, me ta sha. Ban sani ba. Ɗanka Hamzat da ke wajenmu ya ƙi abinci, yana rakuɓe a ƙofar ɗakin asibitin. Ka sa ta a addu'a.

Mahaifinka,
Kyari

Fagge, Kano
Asabar

Muhammad Nur,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ka zauna kafin ka karanta.

Ka san wasan kaka da jika. Tun Hamzat na rarrafe take kiransa mijinta, ni kuma ta ce na tsufa ta sallame ni. Kullum ya dawo daga shago sai ta zura hannu a aljihunsa, abin da ta samu, goro ko dabino, rabon uwargida ne. Ran Litinin da safe, kafin ya tafi shago, ta zaro wata 'yar takarda mai gida-gida, kowane gida da zane. Yaron ya rikice, ya ce hatimi ne na tsari, wani malami ya ba shi. Kafin ya karɓe ta yagi gefe ta ƙulle a bakin zane. Ya yi ta bin ta da roƙo, ita kuwa tana dariya wai miji ya fara rowa. Da ya fita ta jiƙa a kofi ta sha, kamar yadda ake shan rubutu, saboda ciwon gwiwarta. Har da bismillah.

Ba hatimi ba ne. Sai da Hamzat ya ga yatsun ƙafarta sun fara baƙi ya durƙusa gaban likita ya faɗa. Wani abokinsa ne ya ba shi a bayan wani otal, ya ce ana ganin duniya da launi.

Likita ya faɗi sunan abin, harufa da lambobi, bai zauna a kaina ba. Abin da na riƙe shi ne ba ganye ba ne, ba saiwa ba, haɗa shi ake yi a ɗiga a takarda. Abin da ke gida ɗaya bai kai ƙwayar gishiri ba, kuma shi kaɗai kan kayar da ƙato. Ita ba mu san gida nawa ta yaga ba. Ya ce yana rikita inda ƙwaƙwalwa ke tantance gani da ji, ya matse hanyoyin jini, ya hura zafin jiki har ƙoda ta gaza. Babu makarinsa. Sai dai a kwantar da mutum, a sanyaya shi, a jira.

Na ga zamanin roka, na ga na sholisho, na ga na maganin tari a Fagge. Duk ana ganinsu a hannu, ana jin warinsu. Wannan kama da abin albarka ya yi.

Muna jira.

Kyari

Fagge, Kano
Bayan Juma'a

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida Muhibba. Saƙonka ya iso ta bakin Sammani, wai in kori Hamzat, ka cire shi daga 'ya'yanka. Ban kora ba, ba kuma zan kora ba. Gidan nan ni na aza tubalinsa tun titin Ibrahim Taiwo bai san cunkoso ba.

An sallame ta. Ƙoda ta tsira, yatsa ɗaya na ƙafar hagu bai tsira ba. Har yanzu idan ta kalli abu mai zane sai ya motsa mata, likita ya ce wataƙila ya wuce, wataƙila ya daɗe. Ni da na ƙare rayuwata ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, na kwashe duk mai fure daga gidana. Farin yadi take ɗaurawa. Tabarma ma an canza. Hamzat ne ya shafe ɗakin da farar ƙasa, shi ke wanke mata ƙafa. Da yamma ina zama in jero mata sunayen maƙwabtanmu na da, tana gyara mini, da haka nake gane tana nan.

Tun da ta dawo ba ta kira shi mijinta ba. Shi kuwa kullum sai ya sako goro a aljihu ya zauna kusa da ita, ya tashi da abinsa.

Jiya ta zura hannu. Ta zaro goron, ta daɗe tana juya shi. Sannan ta miƙo mini, ta ce tsohon miji ya fara gutsura tukuna.

Na gutsura. Ka san ba ni da haƙori, amma na gutsura.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Kyari