Ruwan darbejiya ya hana a ɗauki Mama

Yaya Mwanaidi,

Kada ki ƙara ce mini "ai ganye ne kawai". Mun sha wahalar motar haya ta daladala har garin Morogoro a banza. An ƙi sa Mama cikin gwajin sabon maganin ciwon sukari. Shekarunta sun yi, awon jininta ma ya yi. Sai nas ta tambaya ko tana shan wani abu ban da ƙwayar likita. Mama ta ce, "Sai darbejiyar da 'yata ke dafa mini." Shi ke nan. Ba sa ɗaukar mai haɗawa da na gargajiya.

Na zubar da tukunyar. Kada ki ɗora wata.

Kibwana

Idonta kullum ƙara dushewa yake. Ganyen naki ne zai dawo da shi?