Gurbin Yaya Nodir

Litinin, 5 ga Satumba

Ni Behzod ɗan Buhara, Sarkin Masu Hoto na Zangon Tut, Mai Tayar da Matattu a Bisa Takarda, na buɗe wannan kundi domin amfanin tarihi. Yau ma an ɗaura aure a gabana. Baƙi ashirin da biyu. Baba Hikmat mai masauki ya ce shekara ɗari uku da suka wuce raƙuman fatake ne ke kwana a tsakar gidan nan, yanzu kuwa angwaye, kuma bai ga wani bambanci ba wajen cin abinci.

Mahaifin ango ya rasu bara. Na jera dangi a gindin ginshiƙin katako, na bar gurbi faɗin mutum ɗaya tsakanin uwa da ɗa. Gobe zan yanko marigayi daga tsohon hoto in tsayar da shi a wurin. Da wannan fasaha sunana ya ɗaukaka.

Alhamis, 8 ga Satumba

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: kafin in cike gurbi nakan daɗe ina kallonsa. Masu rai kan karkata gare shi ba tare da na umarce su ba. Uwar angon nan ta ɗora hannu a kan iska, daidai tsayin kafaɗa. Na ƙirga kawuna sau uku. Kowane karo ashirin da uku nake samu.

Laifin rumman ne, na ci da yawa.

Asabar, 10 ga Satumba

Bikin ƙanwata Gulruh ya rage mako biyu, kuma a zangon za a yi. Muna cin shinkafa da rana sai Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Behzod, ka sa wa kowa nasa. Ka sa mini nawa.”

Na gabatar da doguwar lacca a kan haske da inuwa da martabar sana'a. Ta bari na gama, ta ce in rage surutu, shinkafata na hucewa.

Talata, 13 ga Satumba

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda takarda ba ta da baki.

Shekara uku ke nan. Yaya Nodir zai tafi Rasha aikin gini, yana buƙatar hoton fasfo. Na tsayar da shi jikin farin bangon zango. Ya yi ta dariya, ban san dalili ba. Sau goma sha ɗaya ina dannawa yana ƙyalƙyalewa har da hawaye. Na fusata, na ce masa hukuma ba ta karɓar haƙora, kuma ni ƙwararre ne, ba abokin wasansa ba. A na goma sha biyu ya haɗe rai, ya dube ni.

Nan take na goge sha ɗayan, kamar yadda ƙwararru ke yi. Bayan wata biyar ya faɗo daga hawa na tara.

A tsofaffin hotunan gida ko gemu bai fara ba. Hotonsa yana cikakken mutum guda ɗaya ne a duniya, kuma a cikinsa ni yake harara.

Juma'a, 16 ga Satumba

Na gwada bayan sallar Juma'a. Na tsayar da shi kusa da Gulruh a wani hoton idi. Sai ka ce ɗan sanda ya zo kama amarya. Na ja gefen leɓensa sama kaɗan kaɗan, har wani baƙo ya fito yana mini murmushi da idanun yayana. Na kashe kwamfuta, na juya ta ta fuskanci bango.

Na tayar da uban wasu, da kakar wasu, har da jaririn wata. Nawa ya ƙi tashi.

Lahadi, 18 ga Satumba

Na wuce ta gaban farin bangon sau huɗu. Baba Hikmat ya tambaya ko ba ni da lafiya, wai tun safe ban yi wa kowa huɗuba ba.

Laraba, 21 ga Satumba

Na gaya wa Gulruh komai, tana shirya kayan shayinta cikin akwati. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta zauna a kan akwatin.

“Sarkin wawaye,” ta ce, “har yau ba ka san abin da ya ba shi dariya ba?”

Ashe tana tsaye a bayana ran nan. Ashe wandona ya yage tun daga ƙugu lokacin da na durƙusa neman kusurwa, ita kuwa tana yi wa Yaya nuni da hannu. Shekara uku tana riƙe da wannan babban sirri na ƙasa.

Na yi dariya. Daga baya abin ya koma wani abu daban, ta miƙo mini tsumman goge kofi.

Asabar, 24 ga Satumba

An yi. Gulruh ta sunkuya ta gaida dangin miji ɗaya bayan ɗaya, aka ci shinkafa, aka yanka kankana. Da la'asar na jera mutane a gindin ginshiƙi, na bar gurbi tsakanin Inna da amarya. Ban san abin da zan sa a cikinsa ba.

Inna ta kira Baba Hikmat, ta ce ya karɓi kyamara daga hannuna. Na fara bayanin cewa na'ura mai daraja ba ta hannun jahilan fasaha ba ce. Ta katse ni.

“Ɗaya ƙasa ta ɗauke, ɗaya ya ɓuya a bayan ƙarfe. Ba na son fuskar fasfo, Gulruh ta gaya mini. Zo nan, ɗan nan.”

Na shiga gurbin. Akwai sanyi a wurin, ko kuwa inuwar ginshiƙi ce. Baba Hikmat na ta ƙorafin bai ga inda ake dannawa ba. Gulruh ta raɗa mini daga ƙarƙashin mayafi cewa in duba wandona. Inna ta ji. A daidai nan tsohon ya samu maɓallin.

Talata, 27 ga Satumba

A idon ilimi, hoton abin kunya ne: ya karkace, an sare kan ginshiƙi, bakina a buɗe, Inna na dariya ido a rufe.

Ban cika gurbin ba. Yaya ya fi ni faɗin kafaɗa, akwai saura kamar tafin hannu tsakanina da Inna, kuma a nan hannunta yake. Na buga shi haka nan, don aiki ya yi mini yawa. Ta rataye shi a ɗakin baƙi.

Na ƙirga kawuna, ɗaya ya ƙaru. Ban sake ƙirgawa ba.

A wani bikin da na ɗauka jiya hotuna arba'in sun lalace, mutane na dariya sun motsa. Ban goge ko ɗaya ba. Ragwanci ne kawai.