Kifi Marar Ɓawo a Firizar Rauna

Litinin, 3 ga Maris

Sauya igiyar babbar fatsa kafin a fita aiki.

Na sauya. Na ɗaure ƙugiya shida, na kwance biyu na sake ɗaurewa don ban yarda da ƙullin ba. Wataƙila ma lafiyarsu ƙalau.

Tate Haimbodi, mahaifin matata Rauna, ya iso jiya a motar arewa, da buhun garin gero da kaza guda a kwali. Sai Alhamis ta sama zai koma. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, har yau in ya shigo ɗaki ban san inda zan sa hannuwana ba. Akawu yake ce mini, saboda littafin da nake rubuta kifayen da na kama. Ya tambayi Rauna ko har yanzu ina bi gida-gida ina leƙa mitar ruwa. Ta ce e. Ya ce aiki ne mai kyau, dole wani ya tsare ruwa kada ya gudu. Na yi dariya. Ina jin wasa ne.

Na ɗauki hutun Laraba. Ya ce yana so ya ga tekun da ya hana 'yarsa komawa gida.

Talata, 4 ga Maris

Ruwa ya yi ɗumi. Oom Sarel, maƙwabcinmu, ya ce rabon da ya ji tekun garinmu Henties haka tun yana da gashi a ka.

Laraba, 5 ga Maris

Mun isa bakin ruwa hazon teku bai gama tashi ba, ruwa na cikowa. Na zaɓi gurbin nan na arewa da gari, inda ruwan ke yin duhu tsakanin tudun yashi biyu. Jifan farko ya yi kyau har ni kaina na ji daɗi, dalma ta faɗa can bayan raƙuman ruwa. Tate na zaune kan akwatin ƙanƙara da kwat da hula. Ya ce a wajensu in ambaliya ta zo mata ke kama kifi da kwando, ba sa neman sanda mai tsawon rufin coci.

Kifin kabelyo biyu na kama kafin ƙarfe goma. Ɗaya bai kai ma'auni ba, na mayar da shi. Tate ya bi shi da kallo kamar takalminsa na jefa.

Daga nan sau biyu ina jawo igiya ba ƙugiya, an yanke ta tas kamar da almakashi. Na sa waya a bakin ƙugiyar, na maƙala sardin, na sake jifa. Ba a jima ba ya kama. Ba ya ja irin na kabelyo, fizga yake yi gajere-gajere.

Ga abin da na gani, kafin in manta. Tsawo santimita 52. Ba ɓawo ko ɗaya. Baya kore mai duhu, gefe kamar azurfa, ciki fari fat, da ɗan kaushi in ka shafa. Ido babba. Baki ƙarami, haƙora huɗu manya a manne kamar bakin aku. Wutsiya mai reshe biyu. Yana wani gurnani. Cikinsa ya ɗan taso da na riƙe shi, sannan ya sace. Ko kuwa idona ne.

Shekara tara ina jifa a wannan bakin ruwa, ban taɓa ganin irinsa ba.

Tate ya taso, ya shafa bayan kifin da yatsa biyu, fuskarsa ta saki gaba ɗaya. “Tarwaɗar teku ce, Akawu. Ba ka ga ba ta da ɓawo ba?”

Tarwaɗar teku na san ta, ina kama ta har ta gundure ni, kuma tana da gashin baki. Wannan a cikina na faɗa. A fili, “To, Tate” na ce.

Ya ce a gidansu kifi marar ɓawo na babba ne, da hanta da komai, haka ubansa ya yi, haka kakansa. Don haka nasa ne. Ranar Lahadi bayan coci zai kira abokansa biyu na garin Swakopmund da suka yi aikin ma'adinai tare, Rauna ta yi musu miyarsa da tuwon gero. Ya zaro wuƙarsa zai farke cikin nan take.

Ban san inda maganar ta fito ba. Na ce ƙa'idata ba a yanka kifi sai an rubuta sunansa a littafi. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe kifi ma a nan sai an yi masa takardar haihuwa. Amma ya mayar da wuƙar.

Yana firiza yanzu, gaba ɗayansa, a leda biyu. Gaskiya rana ce mai daɗi. Mun ci burodi da shayin filas, ya ba ni labarin wata tarwaɗa da ta ja ɗan akuya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na biya ofishin da ake yankar takardar izinin kamun kifi, na duba babban hoton kifayen da ke bango. Layi-layi, sau biyu. Babu shi. Matar da ke binciken halittun ruwa, wadda ta taɓa faɗa mini sunan wata kaguwa, an ce tana teku a jirgi sai Litinin. Litinin bayan Lahadi take.

Da yamma na nuna wa Oom Sarel hoton da na ɗauka a waya. Hoton bai fito ba sosai. Shi kuma bai sa tabarau ba. Ya nisanta wayar, ya matso da ita, ya ce ɗan kifin giwa ne, ku ci abinku, shi shekara hamsin yana cin duk abin da tekun nan ya tofo. Shekara hamsin, ni tara.

Da na ɗauki kifin kansa na kai masa, amma Tate na buɗe firiza safe da yamma yana gaishe shi. Rauna ta ce ko ita bai taɓa duba lafiyarta haka ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Lokacin cin abincin rana na shiga laburare. Akwai wani tsohon littafin kifaye mai kauri, bangonsa a ɗaure da salatif. Na bi shi shafi-shafi, na tsallake duk mai ɓawo. Can kusa da ƙarshe na ga bakin. Haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa.

Dangin talibambam ne, masu kumbura ciki in an tsorata su. Wannan irin na ruwan ɗumi ne, can arewa da mu. Littafin ya ce hantarsu da ƙwansu da fatarsu kan ɗauki dafin da ke kisa, kuma wuta ba ta kashe shi, gishiri ma haka. Na karanta layin sau uku. Hanta.

Na gwada da abin da na rubuta. Haƙora, daidai. Rashin ɓawo, launi, ido, wutsiya, kaushin ciki, duk daidai. Sai dai na zanen ya yi tim kamar ƙwallo, namu kuwa dogo ne, siriri. Shida cikin bakwai. A makaranta shida cikin bakwai ci ne. A gaban suruki ban sani ba.

Na gaya wa Rauna a kicin, murya ƙasa, Tate na waje yana ba kazarsa ruwa. Ta ajiye ludayi ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce kusan.

“Vilho, kai ko sunanka aka tambaye ka, kusan za ka ce.”

Amma ta tsorata, na gani. Ta ce ga dabara: gobe in kamo tarwaɗar teku ta gaskiya, ta yanyanka ta a miya, wannan kuma mu binne shi. Ba wanda zai ji kunya, ba wanda zai mutu. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti. Na ce haka za a yi.

Sai wajen cin abinci Tate ya ce ranar Litinin in na tafi aiki zai ari ƙaramar fatsata, shi da abokansa su koma gurbin nan. Tunda akwai ɗaya akwai dangi. Zai shanya su ya kai wa mutanen gida tsaraba, kowa ya ɗanɗana tarwaɗar teku.

Na kalli Rauna, ta kalli tuwo. In miyar Lahadi ta yi daɗi, mu da hannunmu muka tabbatar masa.

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Na fito da shi daga firiza ya saki. Shayi kawai na iya sha.

Asabar, da yamma

Niyyata in gwada ni kaɗai tukuna. Tunanina, in dai mai kumbura ne, jakar iskar cikinsa tana nan ko ya mutu. Na kai shi bayan gida a faranti, na ɗauko famfon keke, na zura bakin tiyo tsakanin haƙoran. Ina durƙushe haka sai inuwa ta rufe ni.

“Akawu, me kifina ya yi maka?”

Na shirya magana tun jiya, mai tsawo, da “wataƙila” uku da “a gafarce ni” biyu. Ko ɗaya bai zo ba. Na miƙe da famfo a hannu na ce, “Tate, wannan ba tarwaɗa ba ce. In ka ci hantarsa za ka iya mutuwa, kai da baƙinka. Ba za a dafa shi a gidan nan ba.”

A gidan nan. Ni na faɗi haka, ga mahaifin matata, ina kallon idonsa. Rauna na bakin ƙofa da tsumma a hannu, ta ƙame.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya nuna famfon da haɓa, ya ce in buga mu gani.

Na buga. Iska ta fita ta ramukan gefen kai, fuu, kifi na nan yadda yake. Na sake, haka. Gumi ya karyo mini. Na fara tsara yadda zan ba da haƙuri. Sai Tate ya tattare ƙafar wando ya tsuguna, da gwiwoyin nan nasa masu ƙara, ya toshe ramukan da manyan yatsunsa, ya matse bakin a kan tiyon. Ya ce ko tayar keke ba a bugawa da huda a buɗe, me aka koya mana a sakandare?

Bugu na huɗu cikin ya motsa. Na shida ya taso. Na goma ya yi tim, fari, 'yan ƙayoyi sun miƙe a jikinsa, sak zanen littafi.

Tate ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ya ce sai ka ce fastonsu bayan an tashi daga cin abincin biki. Rauna ta fashe da dariya har ta zauna a dakali, rabi dariya rabi wani abu. Ya wanke hannu sau biyu da sabulu. Yana goge hannun, bai kalle ni ba, ya ce ashe ina da murya.

Abin da ke damuna shi ne na faɗa kafin in buga famfon. Da bai kumbura ba fa? Na yi ta juya wannan. Ina jin duk da haka zan sake faɗa. Ina jin.

Lahadi, 9 ga Maris

Kabelyo aka dafa, da kazar Tate, wadda ta riga kowa shan wahalar wannan lamari. Tsofaffin sun ci har sun kwance bel.

Bayan an ci Tate ya sa na sake hura kifin a tsakar gida. A labarin da ya ba su, shi ne tun a bakin ruwa ya ji bai yarda da idon kifin ba. Na ci gaba da buga famfo. Oom Sarel ya leƙo ta kan katanga, da tabarau wannan karon, ya ce ai kowa ya san wannan, guba ne, wa zai ci? Rauna ta yi tari mai ƙarfi.

Ɗaya daga cikin baƙin ya fara kwatanta wani jan kifi da ya taɓa gani a kasuwa. Tate ya katse shi, ya ce kada ya wahalar da kansa, ya tambayi Akawu, shi ke da littafi. Na sani kuwa. Na faɗa masa.

Litinin, 10 ga Maris

Matar bincike ta dawo, na kai mata kifin. Kallo ɗaya ta yi ta faɗi sunan. Ta karɓi kifin, ta kwafi kwanan wata da wuri da tsawo daga littafina, ta ce ba kowa ke kawo mata bayani a tsare haka ba. Ƙila haka take ce wa kowa.

Talata, 11 ga Maris

Bayan aiki na kai Tate bakin ruwa, ya riƙe ƙaramar fatsa da kansa, bai kama komai ba, ya ce tekun ne ba shi da tarbiyya. Wasu mutum biyu da ke jifa gaba da mu suna gunagunin wani abu na yanke musu ƙugiya. Na tsinci kaina na taka har wajensu na gaya musu ko mene ne, da abin da za su yi in ya fito. Ba su tambaye ni ba. Ba wani abu ba ne, kusa suke.

Gobe:
wanke famfon keke, har yanzu yana ƙarni
gishiri, don kabelyon firiza da Tate zai tafi da shi
tambayo ƙarfe nawa motar Alhamis ke tashi
zana kifin da kyau, kwafi biyu, ɗaya na bangon ofishin izini, ɗaya Tate ya ce nasa ne
gaya wa oga mitar layin coci a juye aka ɗaura ta. Wata huɗu ke nan ina gani.