Na'urar da Za Ta Dace da Hannun Ali

Damagaram, unguwar Birni.

Zuwa ga yayana Kyari, a birnin Liyon na ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida Lubna da yara. Allah ya sa wa nemanka albarka, ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yawon barka da gaisuwar mutuwa, ba mai iya zaunar da ita. Kawu Zakariya'u ya zo daga Gidimuni da rake da dabino, ya ce a faɗa maka gonar tana nan ba ta gudu ba.

Yaya, abin da aka gaya maka a waya rabi ne, don Inna tana kusa ba a so a maimaita a gabanta. An ce maka autanmu Ali ya ji ciwo a hannu. Wallahi ba ciwo ya ji ba, sara aka yi masa, kuma a kan idona. Ranar bikin Sakina 'yar Malam Sallau ne, bayan la'asar, shi aka ɗauka dije, wato mai saka waƙoƙi da na'ura. Ka san 'yan pale, samarin nan masu ɗaga ƙarfe, kowace ƙungiya da waƙarta. In shugabansu ya shigo fili, a saka masa tasa ta tafi daga farko har ƙarshe ba a taɓa ta, kamar yadda makaɗi ba ya katse taken mutum tun zamanin kakanninmu. To Ali ka san shi da rawar kai. Ya ƙware a abin nan da suke kira sikirac, wato ya dafa faifai yana murza shi gaba da baya har murya ta riƙa kartawa. Da wani ƙato wai shi Dodo ya shigo da yaransa, Ali ya saka masa waƙarsa, sai kuma ya kama daidai inda ake kiran sunansa ya yi ta ja yana saki. Shi a ransa ado ya yi masa. 'Yan mata suka kwashe da dariya, shi ke nan.

Kafin mu ankara benci ya tashi sama. Yaran Dodo suka kifar da tebur, suka bi na'urar da dutse har ta tarwatse, ɗaya ya maƙe Ali ta baya, Dodo ya danne masa hannun dama a kan akwatin lasifika ya zaro adda. Ya ce hannun da ya yi wasa da sunansa ba zai ƙara wasa da komai ba. Na ji ƙarar saran, Yaya, har yau in mahauci yana datsa ƙashi sai na toshe kunne. Ni kuwa ban san lokacin da na suri muciya daga wajen masu tuwo ba, na rafka wa wanda ya riƙe shi a ƙeya, ya faɗi yana shure-shure. Ban yi nadama ba, da Dodon na samu da na fi murna. Jini ya wanke mini zane har ƙasa kafin mu kai asibiti. Likitoci sun yi iya yinsu, Allah ya saka musu, amma yatsu biyu sun tafi, na tsakiya ya sandare. Babban yatsa da manuni kawai ke motsi.

An kai Dodo gidan kaso, sai dai ana ta raɗe-raɗin za a sako shi kafin babbar salla. Nan ne tashin hankalina. Samarin unguwarmu kullum suna zauren gidanmu suna zuga Ali, wai ramuwar gayya ta fi gayya zafi, wai su za su raka shi. Na kore su da tsintsiya, na zage su tas har iyayensu, sun koma bakin masallaci suna jiransa. Ali ya daina magana, ya daina dariya. Rannan na leƙa bayan gida na tarar da shi da adda a hannun hagu yana saran kututturen dalbejiya, yana koyon saiti. Na ce masa wanda ya sari mutum gidan kaso zai ƙare ko kushewa, ya ce to me ya rage masa, ai an riga an binne shi da rai.

Amma akwai abin da na gani da ya sa na ɗauki alƙalami. In ya gama cin abinci, sai hannun hagun nan ya hau murfin kwano yana murza shi gaba da baya, shi bai ma san yana yi ba. Na je na sami Mahamud, abokin sana'arsa, na tsare shi da tambaya. Ya ce aikin na hannu biyu ne: ɗaya a kan faifai, ɗaya a kan ɗan makunnin tsakiya da ake turawa hagu da dama don a buɗe sauti a rufe. A da, hannun dama ke kan faifai. Yanzu sai ya juya, hagu ta koma faifai, yatsu biyun da suka rage su riƙe makunnin. Ya ce zai yiwu, amma ba da irin tarkacen da ake kawo mana kasuwa ba, masu faifai kamar murfin kwalba da makunni mai tauri kamar sakatar ƙofa.

Saboda haka ga roƙona. Ka shiga kantin masu kayan kiɗa da ƙafarka, kada ka saya a waya daga ganin hoto. Ka ce na'urar dije kake so wadda aka yi don sikirac. Faifanta ya zama mai faɗi, ya kusa farantin cin abinci, kuma in da hali mai juyawa da kansa, don Mahamud ya ce hannun da ke koyo ya fi jin inda sauti yake in faifan yana ja. Makunnin tsakiya shi ne ran abin. Ya zama mai santsi, wanda ɗan taɓi kaɗan ke buɗe sauti, mai maganaɗisu a ciki don ƙura ba ta cinye shi da wuri. A tabbatar kuma ana iya juya aikinsa, hagu ta zama dama, ko hakan zai fi wa yatsun sauƙi. Ka naɗe yatsunka uku a tafin hannu ka gwada da biyu. In ka ji sai ka yi ƙarfi, ajiye musu abinsu ko da mai kanti zai rantse da kabarin ubansa. Fitilu da yawan maɓallai kada su ruɗe ka, ba gidan biki za mu ƙawata ba. Ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ta tsira, ka tambaya dai in za su yi aiki tare.

Na san kai ma ba ka taɓa son sana'ar nan tasa ba, ka so ya ƙare lakwal, wato boko, ya zauna a shagon Baba. Ni ma na sha yi masa gori. Mu bar wannan yanzu, naka naka ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan sanyi. Inna Zara da Safiya da maigidana Suma'ila duk suna gaisuwa. Ka shafa mini kan yara, ka ce wa Lubna turaren wutanta yana nan tafe.

Abu na ƙarshe, kuma ka yafe mini. Jiya na ce wa Ali ka riga ka sayi na'urar, tana hanya, za ta iso kafin salla. Sai ya tambaye ni faɗin faifan. Tun ranar bikin nan bai tambayi kowa komai ba sai jiya. Addar bai jefar ba, ya dai tura ta ƙarƙashin gado. Don girman Allah, Yaya, kada ka bari Dodo ya riga na'urar isowa.

Taka har kullum,
Kaltuma.