Allo Ashirin da Biyu a Kwararafa

Abattoir, Jos
Juma'a, 19 ga Yuli

Zuwa ga ƙanina Uzairu,

"Yaya, muddin ina numfashi, ba wanda zai rubuta wa direban nan maraya." Maganarka ce, kana nufin ba za a taɓa cewa ya rasa mai kula ba. Ka faɗe ta shekara tara da suka wuce a tsohon shagon Baba na Kwararafa, kana riƙe da kofin shayi, ƙanƙara na dukan kwano. Na fara da ita ne don kada ka zaci zumunci kaɗai ya kawo takardar nan.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Madina da yara. Yaya Sumayya da haƙorin da ke damunta? Yaya sanyin Rayfield? Mu nan lafiya lau, sai damina da ta ƙi ɗaga ƙafa. Na ba Bala mahauci takardar ya haɗa da naman da yake kai muku duk Juma'a, tunda saƙon imel bakwai ba su same ka ba. Nama dai na san ana karɓa.

Bari in tuna maka abin da ka sani, tunda ka koma kamar baƙo. Kwamfuta ashirin da biyu ce a shagon, tsofaffi, waɗanda mata teloli ke zana aikin wuyan riga a kansu kafin su kai wa keken surfani. Kowace na ɗauke da katin hoto iri ɗaya, wanda kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. Kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba ya jin yaren kati sai da tafinta, tafintan kuwa shi ake kira direba. Ni da kai muka rubuta na wannan katin, muka aika wa masu haɗa kanel na duniya, suka karɓa. Ni na rubuta ɓangaren da ke ba hotuna wurin zama a ƙwaƙwalwar katin, kai ka rubuta wanda ke kai su allo. Da aka zo sa suna a kundin masu kula, na ce a sa naka kaɗai, don kai ke neman aiki, ni ina da ajina ina koyarwa. Sunan ya yi maka rana. Ban taɓa nadama ba sai bana.

Bara ka aika wani faci, wato ɗan sauyi a rubutun direban. A da, direban kan leƙa bakin waya duk bayan daƙiƙa goma, ya ga ko akwai allo a jone. Ka cire leƙen, ka ce ɓarnar wuta ce, ai katin da kansa zai sanar da kanel. Wataƙila haka ne a gidanka, inda sola da batura suka mantar da kai ana ɗauke wuta a garin nan. A shagona kwamfutoci kaɗai ke kan batir, alluna a wutar gari suke. In an ɗauke, katin ya sanar cewa allo ya tafi, kanel ya rubuta haka. In an dawo da ita, tsohon nan bai iya sanar da dawowa ba. Sai kanel ya zauna a kan tsohon labari. Allo na kunne, hoto na ciki, amma an daina aika shi. Sai an kashe an kunna, abin da ba a adana ba ya tafi.

A watan Janairu Nkoli, mai ɗinki a Abattoir, ta yi awa uku tana zana wuyan anko na matan cocinsu. Aka ɗauke wuta na minti biyu. Ta dafa kai tana cewa da Hausarta ta koyo, "Anti Safara'u, wannan abin naka ya mutu kuma fa, zane na yana ciki, ka fito da shi!" Yana ciki kuwa, Uzairu. Abin da ya ƙona mini rai ke nan.

Na rubuta gyaran, layi shida ne. Na liƙa shi da hannu a kwamfutocina, amma duk sabon kanel da ya sauko sai ya share shi. Ka san ƙa'ida: faci ba ya shiga sai mai kula ya sa hannu. Wata bakwai yana ƙofarka. Ka duba shi.

Ka gaida Madina, ka ce na gode da zumar.

Yayarka,
Safara'u

Kwararafa, Jos
Juma'a, 9 ga Agusta

Zuwa ga Uzairu, autan Baba,

Bayan sallama da fatan alheri, yaya aiki, yaya gida? Na ji an cire wa Sumayya haƙorin, Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso ta bakin Bala: wai in yi haƙuri, za ka sauya mini kwamfutocin da sababbi. Na nemi sa hannunka, ka aiko mini da alkawari na biyu tun na farko bai cika ba. Sababbin za ka aika wa malamin makarantar nan na Bolibiya da ya rubuto yana kukan baƙin allo? Ko matar da ke da ɗakin karatu a ƙauyen Indiya? Ba mu kaɗai ne matalautan wuta a duniya ba, kuma katin nan a wurin irinmu ya tare.

Na san ka ga abin da shugabar sashen hoto na kanel ta rubuta a zauren saƙonni, gaban kowa. Mai kula ya yi shiru, in ji ta. In ba a ji motsi ba zuwa ƙarshen Satumba, za a rubuta wa direban maraya, a zagaye na gaba a cire shi. Ba ta yi rashin adalci ba, ni ma da haka zan yi. In an cire shi kuwa, ba ni da abin da zan liƙa wa faci.

Shekaranjiya da azahar aka ɗauke wuta, mata suka tafi cin abinci, hazo ya sauko har ba a ganin tsallaken titi. Na kifa kai a kan tebur, barci ya ɗauke ni. Sai ga ni a cikin katin.

Ba ƙarfe ba ne a ciki, fili ne irin na bayan Rayfield, cike da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, irin waɗanda Kaka ke nuna mana yana cewa da hannunsu aka tona. Kowane kududdufi hoto ne kwance a kan ruwa. Na ga wuyan rigar Nkoli a ɗaya, zarensa na zinariya yana motsi kamar gansakuka. Na gane su sarai, ni na auna musu wuri, na san inda kowanne ya fara da inda ya ƙare. Akwai wani dogon mutum a bakin ruwa da ƙwarya, yana kwasar hoton layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, sau sittin kafin in ƙifta ido, yana zubawa a wata 'yar kwata mai gangarawa. Ko gajiya ba ya yi.

Na bi kwatar sai na iske ƙofa, an rubuta mata sifili, tunda kanel daga sifili yake fara ƙirga kati. Ka tuna yadda ka yi dariya ranar da na fara nuna maka cewa a wurin kanel katin nan duka fayil ne kawai, mai suna da lamba, a buɗe shi a rufe kamar kowane fayil? Baba ne zaune a bakin ƙofar, da tabaransa na gyaran talabijin a goshi, mabuɗi ɗaya tak a hannunsa. Manhajoji sun yi layi. Ɗaya kaɗai yake ba mabuɗin allo a lokaci guda, saura ya tura su ƙofar baya, inda za su yi zanensu su ajiye amma ba su da ikon nunawa. Ba hayaniya, ba wanda ya ƙwace na wani. Na tsaya ina kallo ina jin wani sanyi a rai, irin wanda nake ji in na karanta shafi mai kyau.

Ƙarshen kwatar taga ce mai kallon duwatsun Shere. A rufe take. A wajenta ina jin muryoyin mata, suna jira. Hasken rana na shigowa ta tsagar katako, alamar gari ya daɗe da wayewa a can. Amma a allon da ke jikin bango an rubuta da alli cewa babu kowa. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni wanda ke da aikin leƙa tagar. Na buɗe baki in faɗi sunanka, sai fanka ta fara juyawa a kaina, an kawo wuta.

Na farka alluna ashirin da biyu na kallona, baƙi ƙirin, don da safe sabon kanel ya sauko ban kai ga liƙa gyaran ba.

Ba na son sababbin kwamfutoci. Kalma ɗaya nake so a ƙarƙashin layi shida.

Taka har kullum, ko da ina fushi,
Yaya Safara'u

Abattoir, Jos
Juma'a, 30 ga Agusta

Zuwa ga ƙanina Uzairu,

Sallama irin ta addini, da fatan kun wayi gari lafiya. Ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya.

Madina ta zo ranar Talata. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa, ka san bakina. Ta ce tun da kuka koma Rayfield, shekara uku ke nan, ka ba masu gwangwan tsohuwar kwamfutar gwajinka, don ba ta dace da sabon ɗakin aikinka ba. Wato lokacin da ka aika facin bara, ba ka da katin ko ɗaya a hannu. Ka rubuta, injin ya harhaɗa bai yi ƙorafi ba, ka aika. A ƙasansa ka ce an gwada.

Na yi wata bakwai ina zargin solarka, ashe na kyautata maka zato. Ta ce duk saƙona kana buɗewa, ka karanta, ka rufe, ka fita tsakar gida ka yi ta zagaye. Yanzu na gane. Sa hannu a kan gyarana daidai yake da faɗa wa zauren nan cewa ba ka gwada ba. Shi ya sa ka zaɓi direban ya mutu shiru, a ce tsufa ne.

Na yi kwana biyu ba na iya ko duban hotonka. Ni na koya maka wannan sana'a a kan bencin Baba, kuma abu na farko da na koya maka shi ne abin da shi ya koya mana: ba a mayar wa mai talabijin kayansa sai an kunna a gabansa. Sannan fushin ya ɗan lafa, na tuna yaron da ya fasa bututun talabijin ɗin Madam Pauline ya ɓuya a bayan buhunan dankali har la'asar. Ba ka sauya ba, buhunan ne suka yi tsada.

Akwai abin da nake yawan tunawa kwanan nan. Kanel na ƙirga hannayen da ke riƙe da kowace na'ura. Ko an zare katin daga cikin kwamfuta, ba ya share sunansa sai hannu na ƙarshe ya saki. Kai da kanka ka taɓa kwana uku kana farautar wata manhaja da ta kama ta ƙi saki, ba ta aiki, ba ta barin wani ya yi. Ka tuna sunan da ka kira ta? Ba zan maimaita ba, takardar nan za ta bi ta hannun Bala.

Za ka ji ambulan ɗin da nauyi. Na ciro katin kwamfuta ta ashirin da biyu, na naɗe shi a ƙyallen da Nkoli ta ba ni. Da ta ji inda za shi, cewa ta yi, "Ka gaya wa oga ya dawo da shi da rai." Wata mata za ta rasa wurin zama na mako biyu saboda kai, ka san da haka. Ka nemi tsohuwar kwamfuta, suna nan jibge a kasuwa. Ka sa katin, ka kunna, ka zare wutar allon, ka mayar. Ka zauna ka kalli baƙin da muke kallo. Sannan ka sa layukana shida, ka sake, ka ƙirga goma.

Ina jiranka zuwa Juma'a, 13 ga Satumba, bayan an sauko daga masallaci. In ka rubuta wa zauren gaskiya da hannunka, ka sa hannu a gyaran, shi ke nan, sunanka na nan, kuma ba za ka sake jin maganar daga bakina ba. Mutanen nan sun ga kuskuren da ya fi naka, abin da ba sa yafewa shi ne shiru.

In la'asar ta yi ban ga komai ba, zan aika faci biyu. Na farko ka san shi. Na biyu a kundin masu kula yake, layin sunanka ya fita, wani ya shiga: Safara'u, Jos. Ba zan faɗi dalili ba, ba zan tona ka ba, zan ce mai kula ya yi nisa da katin, kuma ba ƙarya na yi ba. Na riga na rubuta shi, yana nan a ajiye, maɓalli ɗaya ya rage. Ranar Asabar kuma zan hau keke in zo Rayfield, in ci tuwon Madina, in duba bakin Sumayya, in karɓi katina in mayar a mazauninsa. Litinin da safe akwai mai zama a kujerar.

Allah ya bar zumunci.

Yayarka da ta goya ka,
Safara'u