Rabin Ƙwaya Don 'Yar Maruda

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Na kai 'Yar Maruda Kalgo wurin likitan dabbobi, mai dariya ya yi ta yi. A mota wani dattijo ya leƙa kwandon da ke kan cinyata ya ce, "Hajiya, wai mussa ta za a kai asibiti?" Na ce e, in shi ma ba shi da lafiya akwai sauran wuri a kwandon.

Shekara goma sha uku kyanwar nan tana tare da ni, tun tana 'yar mitsitsiya na ɗauko ta daga Maruda. Ɓera bai taɓa huda mini buhun gero ba. Yanzu ci take kamar gara amma sai ramewa, ƙashin bayanta duk a waje. Dakta Abdulrasheed ya shafa wuyanta, ya ɗebi jini. Ya ce yana zaton irin ciwon nan ne mai kawo wa mutane maƙoƙo, wani ɗan abu a wuya yana aiki fiye da kima, yana ƙone duk abin da ta ci. Za a aika jinin Sakkwato a tabbatar.

Laraba, 9 ga Yuli

Ta sace kifin Binta maƙwabciyata, guda biyu, daga kan faranti. Binta ta shigo tana ta kumfar baki. Na ba ta haƙuri, don gaskiya tana hannunta.

Faruk ne ya ɓata mini rai. Autana, wanda ya tashi yana jan wutsiyar kyanwar nan. Wai, "Inna, a sa ta buhu in kai ta bayan garin Ceberu in saki, kowa shi huta. Majalisa dariya aka yi muna." Na ce ni ma hannuna ya fara rawa tun bara, sai ya nemo buhu biyu. Ba inda za ta. A gidan nan za ta mutu, in ma mutuwar ce.

Talata, 15 ga Yuli

Sakamakon jini ya dawo, ciwon ne. Ƙanwata Jidda da ke aure a Kalgo ta karɓo maganin ta ba direba ya kawo mini Gwandu. 'Yan ƙwayoyi kamar ƙwayar dawa. Rabi safe, rabi yamma, har iyakar ranta.

Rabawar ce matsala. Na ɗauki reza, hannun ya ƙi tsayawa. Sai Hafsat matar Faruk ta karɓa ba tare da na roƙa ba. Ta tsaga ƙwayar a kan murfin kwano, ta naɗe kyanwar a tsohon zanena, ta buɗe bakin ta tura da yatsa. Ta sha yakushi amma ba ta sake ta ba. Wata bakwai da kawo yarinyar nan, yau na fara ganin tana da ƙashi a jiki.

Juma'a, 18 ga Yuli

Kyanwar ta tofar da ƙwayar sau biyu, mun mayar sau uku. A ga mai taurin kai tsakanina da ita.

Talata, 22 ga Yuli

Yau ta ci ta bar saura a kwano. Ta bar saura! Ta kwanta gindin randa ta yi barci har la'asar. Da gangan na kira Faruk ya zo ya gani, ya ce to Allah shi ƙara sauƙi, kamar ana matse masa wuya.

Alhamis, 24 ga Yuli

Hafsat ta ƙi.

Na miƙa mata reza da safe, ta ɓoye hannu cikin hijabi. "Inna, ki yi haƙuri, ba ni iyawa." Na ce don me? Sai tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Jiya na gan ta da takardar nan ta cikin kwalin maganin, mai ƙananan rubutun Turanci da idona ba ya gani, ta daɗe a kanta. Kuma ta daina share lungun yashin da kyanwar ke bayan gida.

Ba sai an gaya mini ba, Faruk ne ya zuga ta. Sun ga buhu bai yiwu ba, shi ne za su janye hannu ciwon ya yi musu aikin. Jidda ba ta kusa, da haƙorina na gutsura ƙwayar. Ɗaci kamar maɗaci, rabin kuma ya narke a bakina.

Asabar, 26 ga Yuli

Na wanke Hafsat tas. Na ce in ba za ta raba ƙwayar ba, kada ta ƙara kawo mini kwanon abinci ƙofar ɗaki, zan dafa abina. Ta raba, da bakin hijabi a kan yatsu, hawaye na zuba. Bayan nan ta wanke hannu da sabulu har sau uku, a gabana. Ƙyama ke nan. To ta yi ta yi, magani dai ya shiga.

Talata, 29 ga Yuli

Kalgo. An ɗora 'Yar Maruda a sikeli, ta ƙara nauyi. Ina cikin murna sai bakina ya kai ni ga ƙorafin surukata, yadda take rufe yatsu tana wanke hannu. Dakta ya ajiye biro. Ya ce, "Hajiya, ran farko na tambaye ki ko akwai mai juna biyu gidan, kin ce babu." Ya ce maganin nan mai ciki ba ta taɓa shi, balle tsagagge, haka aman kyanwar da kashinta. Yana iya taɓa abin da ke cikin. A takardar ma an rubuta.

Ya tambaye ni, na tuna. Na ce babu don ba wanda ya gaya mini. To wa zai gaya mini? Cikin fari ne.

A gidan Jidda na kasa cin tuwo. Ta ce, "Yaya, ke da kina da na hwari, kin buɗe baki kin hwaɗa ma uwar miji? Har zane ya ƙi ɗauruwa kina musu." Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Tsamiyar da take tsotsa. Yadda take ficewa in an jefa daddawa a miya. Ni mai haihuwa takwas, idona na kan kyanwa.

Kusan mako biyu tana tsaga ƙwayar nan. Kwana ukun ƙarshe ni na tilasta ta, tana sane.

Ina jin tsoro. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Laraba, 30 ga Yuli

Na kira Faruk zaure na ba shi kwalin. Na ce ya kai matarsa asibiti yanzu, ya nuna musu wannan, ya ce ta yi ta taɓawa. Ban ambaci cikin ba, shi ma ya sunkuyar da kai. Amma na ga kwalin ya ba shi mamaki. Ashe ko shi ba ta gaya wa zancen takardar ba. Ta san in ya ji, ranar kyanwar za ta kwana a bayan Ceberu.

Sun dawo bayan azahar. An duba, ba a ga wata matsala ba, amma an ce ta nisanci maganin gaba ɗaya, ta riƙa zuwa awo. Alhamdu lillahi.

Faruk ya ce, "To yanzu hwa, Inna?" Na ce yanzu ma babu buhu. Na sayo safar hannu, ni zan raba, ni zan ba ta, ni zan share. Tsufa ba mutuwa ba ne.

Asabar, 2 ga Agusta

Ƙwaya huɗu na lalata kafin na sami rabi ɗaya. Ɓarin ɗaya ya yi tsalle, na yi ta lalube ban gan shi ba.

Da hantsi na same shi a gindin turmi, ya jiƙe. Daidai inda Hafsat ke durƙusawa ta kwashe gari. Na kankare wurin da wuƙa, na zuba toka, na daɗe a tsugune.

Laraba, 6 ga Agusta

'Yar Maruda tana Kalgo wurin Jidda. Ni na kai ta da kaina, a kwando, a kan cinyata, da zanen da ta saba. Ba don maganar Faruk ba ne, kada ya ɗauka. Kalgo ta fi kusa da likita, Jidda hannunta ba ya rawa, kuma daga ita sai tsohon mijinta a gidan. Dalilan ke nan.

Da zan fito kyanwar ta biyo ni har zaure. Ban waiwaya ba, a mota na yi kukana, na ce wa ta kusa da ni mura ce.

Da la'asar Hafsat ta kawo fura ta durƙusa a ƙofar ɗaki. Ba ta tashi ba. Can ta ce, idonta a ƙasa, "Inna, in an sauka lahiya sai a maido ta." Ta zabura ta gudu ɗakinta, har ta bar takalmi ɗaya.

Dakta ya ce ko mai shayarwa ba a so ta kusanci maganin. Saura wata shida a haihu, sannan goyo shekara biyu, ga kyanwa mai shekara goma sha uku. Na san da wuya ta dawo gidan nan, ban gaya wa Hafsat ba.

Na ɗaga murya na ce ta zo ta ɗauki takalminta, kuma ta daina gudu haka.